Faifai Mai Haƙora

"Tsaya. Kar ka ƙara juyawa."

Zailani ya saki hannun injin. Shi ma ya ji ƙarar, 'yar mitsitsiya, kamar an taka ɓawon gyaɗa a ɗaki na gaba. Baba Busola na jingine a gado, rabinsa a zaune, baki buɗe yana jan iska da ƙyar, amma kunnensa bai tsufa ba.

"Leƙa min babban faifan," in ji shi. "Ba haƙoran ba. Tsakiya, inda sandar ta shige."

Zailani ya tattare rigarsa ya durƙusa a bayan gadon.

Asalin sunan tsohon Bamidele, amma tun da aka haifi 'yarsa Busola kowa a Sabon Gari ya manta da wannan sunan. A nan aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma in yana Hausa a bayan labule sai ka rantse daga Ƙofar Doka ya fito. Allunan shaguna ya yi ta yi duk rayuwarsa, irin na gilashin roba da ake sa wa fitila a ciki. Ƙofar ɗakinsa na kallon ta Zailani mai gyaran keken ɗinki, gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, tun Zailani yana ango.

Bana ciwon zuciya ya kayar da shi. Likitocin asibitin Shika suka yi iya yinsu, suka sallame shi da magani da gargaɗi: kada ya kwanta a miƙe. In bayansa ya taɓa shimfiɗa sosai, ruwa ke cika masa ƙirji. Zailani ya taɓa gani da idonsa, ranar da matasan kai suka zame: leɓɓan tsohon suka yi duhu, idanu suka firfito, yana kamun iska da hannu kamar wanda ya faɗa rijiya. Matarsa Adenike 'yar ƙaramar mace ce, ga shekaru, ba ta iya ɗaga shi. Gadon asibiti kuwa ko an samu ba zai shiga ƙofar ɗakin ba.

Sai tsohon ya zana injinsa a bayan kwali. Suka raba katakon gadon biyu, suka haɗa da hinjin ƙofa, yadda ɓangaren kai zai riƙa tashi. Bel ɗin mota ke jan katakon sama, yana naɗuwa a jikin wata sandar ƙarfe da Zailani ya ciro daga mataccen keken ɗinki. A kan sandar akwai babban faifai mai haƙora, ƙaramin faifai na tura shi, hannu na juya ƙaramin. Ko yaro ya juya, kan gadon zai tashi. Faya-fayan duka da ragowar gilashin robar allunansa aka yi su, don ita ce abin da ya sani, ita ce kuma ke jibge a ƙarƙashin gado tun da ya bar aiki.

Ranar da suka haɗa shi, Zailani ya ɗauko guduma zai buga sandar cikin ramin faifan, yadda ya saba da ƙarfe. Tsohon ya kama masa hannu.

"Kai maƙeri, ajiye. Robar nan ba a tilasta mata. Ka matsa mata yau ta yi shiru, wata ran ta rama."

Suka faɗaɗa ramin har sandar ta shiga da tura ɗan yatsa. Suka sa faifan tsakanin zobban ƙarfe biyu, suka ɗaure notuna a hankali, wannan kaɗan, na gabansa kaɗan. Allunan da ke riƙe da sandunan kuwa tare aka huda su, ɗaya a kan ɗaya, don kada mazaunin sanda na wani gefen ya fi na wani tsayi. Da za a haɗa haƙora da haƙora, tsohon ya sa aka cusa guntun jarida a tsakani, aka ɗaure, sannan aka zare. "Kaurin takarda kawai suke nema," ya ce. "Ko miji da mata in babu wannan tazarar, sai sun cinye juna."

Tun daga ranar injin bai taɓa ba su kunya ba.

Yanzu Zailani ya haska fitilar wayarsa. Gilashin da a da ake ganin bango ta cikinsa ya yi fari a tsakiya. Daga kowane ramin noti wasu siraran tsagogi sun fito kamar jijiyoyin ganye, sun bazu, wasu sun haɗe. Ɗaya ta fi sauran tsawo, ta kama hanyar haƙora. Ya kai hanci kusa. Wani wari mai sanyi, irin na ɗakin allura.

"Me ka gani?"

"Ta ɗan yi fari."

"Zailani, ni zuciya ce ta lalace, ba kai ba. Ta tsage ko ba ta tsage ba?"

"Ta tsage, Baba."

Labule ya motsa. Adenike ta shigo da kwalba da dunƙulen auduga. Ta gaida Zailani, ta tambayi Raudatu, matarsa, ya ce ta tafi suna Zabi tun da safe. Ta jiƙa audugar ta goge gefen gadon, ta goge teburin magani, sannan ta zagayo baya ta miƙa hannu wajen faifan.

"Bar shi yau, Mama," in ji Zailani.

"In bar shi? Jiya ƙuda na gani a kai. Ɗakin mara lafiya ne, Malam Zailani, ba shagonka ba."

"Nike," in ji tsohon, "kamu nake so. Mai ruwa-ruwa."

Ta dube shi da mamaki, don ya kwana biyu bai nemi abinci da bakinsa ba. Ta ajiye kwalbar ta fita da sauri.

Tsohon ya jira har ƙarar silifas ɗinta ta kai kicin. Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama maganar.

"Sifirit ne. Ina jin warinsa kullum, na ɗauka bayana take gogewa kawai. Abin yana bayan kaina, ba na gani. Robar nan in sifirit ya taɓa ta inda noti ya matse, haka take yi. Kowane yaron shago ya sani."

"Ba ka faɗa mata ba?"

"Ban taɓa kawo aiki gida ba sai wannan. A ina za ta sani?" Ya lumshe ido. "Kuma ba za ta sani ba. Ka ji ni?"

"Baba, in ba ta sani ba…"

"Matar nan kullum sai ta tashi ta goge abin nan kamar kofin coci, don tana ganin shi ke riƙe da raina. Ka je ka ce mata hannunta ne ya ci shi? Ɗauki kwalbar ka sa a aljihu. Sauran ni da kai ne."

Zailani ya sa kwalbar a aljihu. Yanke sabon faifai da hannu aikin kwanaki ne, hannun tsohon kuma yanzu ko cokali rawa yake yi da shi. Amma akwai wani yaro a Samaru, Muntasir, da ya taɓa koyon aiki a wajen tsohon, yanzu yana da injin da ke yanka roba da haske, ɗaliban jami'a na kai masa aiki. Kwalin zanen na nan a saman kabad.

Kafin ya tafi, Zailani ya shiga ɗakinsu ya mirgino turmin Raudatu, ya kifa shi a ƙarƙashin katakon. Bai kai ba. Ya ɗora bulo, ya yi yawa, ya ƙi shiga. Ya ɗora tsohon ƙamus ɗin Busola, saura tazarar tafin hannu. Ya tsaya yana kallon tazarar.

"Ya isa," in ji tsohon. "In na faɗo, ba daga bene ba ne. Tafi kafin ruwan nan ya sauko."

A tsakar gida ya tarar da Adenike tana dama kamu. Sauran ƙofofin gidan duk da kwaɗo, masu kasuwa sun tafi kasuwa, yara na makaranta.

"Mama, zan je Samaru in dawo. Kar ki taɓa hannun injin nan sai na zo."

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Wani noti nake son sauyawa."

"Noti kawai?" Ta ci gaba da damu. "To ka sayo min tumatir a hanya, na Samaru ya fi arha."

Gabas ta riga ta haɗe lokacin da ya hau bas a PZ. Iska na tashi da ledoji, masu talla na ta tattara kaya. Direban ya ƙi tashi sai motar ta cika, a Kwangila kuma ya sake tsayawa neman mutum ɗaya. Zailani ya rungume kwalin a ƙirji, ƙafarsa na ta bugun ƙasan motar har wata mata ta juyo ta harare shi.

Shagon Muntasir cike yake. Lokacin kare aikin ƙarshe ne a jami'a, ɗalibai sun yi layi har waje, kowa da 'yar robarsa a hammata. Ɗakin na warin ƙonanniyar roba. Muntasir, siriri mai tabarau, ya karɓi kwalin, ya juya shi, ya ga rubutun da ke gefe.

"Hannun Oga ne wannan. Yana nan da rai?"

"Yana nan. Amma a kan wannan faifan yake jingine." Zailani ya yi masa bayani a taƙaice.

Muntasir ya ture aikin da ke gabansa ya fara auna haƙoran yana shigarwa a kwamfuta.

"Haba Oga Muntasir, tun safe fa nake nan," in ji wani ɗalibi mai jar hula. "Gobe ne defence ɗina, wallahi supervisor ɗina ba ya jin bari."

"Naka in ya faɗi, maki ne zai zube," in ji Muntasir, bai ɗago ba.

Ya shimfiɗa roba mai kauri a cikin injin, ya rufe. Ɗigon haske ya fara zagaye, haƙori bayan haƙori, hayaƙi na bin sa. Bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. A daidai lokacin ruwan ya kece.

Janareta na waje, ruwa ya riga ya jiƙa shi. Muntasir da ɗalibin mai jar hula suka jawo shi ƙarƙashin rumfa suna ta jan igiya, yana tari yana mutuwa. Zailani ya koma lungu ya kira wayar Adenike. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake kira. Ya san inda wayar ke zama, a kan teburin magani, taku biyu daga gadon. Adenike ba ta barin waya ta yi ringi sau uku, kullum tana tsammanin Busola ce daga Ibadan.

Ya kira Raudatu. Ta ce ruwa ya tare su a gidan suna, ko ƙofa ba a iya fita, me ya faru? Ya ce babu komai, in ya tsagaita ta wuce gida kai tsaye. Ya kira mai shagon kayan miya na bakin layinsu, wayar a kashe. Ya sake kiran Adenike.

Janaretan ya tashi. Dole aka sa sabuwar roba aka faro daga farko, don injin ya manta inda ya tsaya. Zailani ya tsaya a kan gilashin murfin yana ƙirga haƙoran da ido, ya ɓata, ya sake. Da aka gama, Muntasir ya ciro faifai uku iri ɗaya, da ɗuminsu, ya naɗe a jarida ya sa a leda.

"Ka haɗa su uku, kar ka matse notin. Ka ce wa Oga ina nan zuwa Lahadi."

Babu bas a titi. Wani ɗan acaɓa da ya fake a gidan mai ya yarda ya ɗauke shi bayan roƙo. Ruwan na dukan fuska kamar tsakuwa. A ƙarƙashin gadar Kwangila ruwa ya kai gwiwa, motoci sun mutu a ciki, sai da suka sauka suka tura babur ɗin. Zailani ya cusa ledar cikin riga. Duk hanya bakinsa na motsi, shi kansa bai san ko addu'a yake ba ko lissafin notuna.

Tsakar gidan ta zama tafki. Kwanon kamu na yawo a kai. Ruwa na dukan kwanon rufi da ƙarfin da ko ihu mutum ya yi ba mai ji. Ya yi sallama a bakin ƙofa, bai jira amsa ba ya ɗaga labulen.

Abin da ya fara gani gutsattsarin roba ne warwatse a kan leda, wani har bakin ƙofa. Bel ɗin ya saki, yana lilo. Amma kan gadon a tashe yake, ya ma fi yadda ya bar shi tsayi. Tsohon na zaune, kansa ya ɗan karkata hagu, hannuwansa a kan cinya, tafin a sama.

"Malam Zailani? Kai ne?"

Daga bayan gadon muryar ta fito. Ya zagaya. Adenike na durƙushe a kan gwiwoyinta tsakanin bango da turmi, ta sa kafaɗa da wuya a ƙarƙashin katakon, hannuwanta biyu a dafe da ƙasa. Ɗankwalinta ya faɗi. Gumi ya jiƙa rigarta, hannuwan na karkarwa tun daga kafaɗa.

"Ka daɗe," ta ce. "Na san ka hana. Amma numfashin ya taso masa, ya ce in ɗaga shi kaɗan. Na ce Zailani ya ce kar a taɓa. Ya ce Nike, kaɗan kawai. Ban kai ga juyawa biyu ba abin ya fashe. Ya faɗo kan turmin, sai na ji yana wannan kukan na maƙogwaro. Shi ne na shiga." Ta ja numfashi. "Na yi ta kira, ba kowa. Waya na ta ringi, ba dama in tashi."

"Sannu, Mama."

"Yi magana a hankali. Da na ɗaga shi ya samu sauƙi. Tun ɗazu ya yi shiru, ina jin barci ya ɗauke shi. Rabonsa da barci irin wannan tun Ista."

Daga inda take, bayan katako kawai take gani. Zailani ya koma gaba. Ya dubi ƙirjin tsohon, ya daɗe yana dubawa. Ya taɓa wuyansa. Ya sa bayan hannu a hancinsa. Idanun a buɗe suke kaɗan, suna kallon ƙofa. A cikin ransa ya yi salati, leɓɓansa kawai suka motsa. Ya sa yatsa ya rufe idanun.

Ya ajiye ledar a kan teburi, ya dawo baya ya durƙusa kusa da ita, ya cusa tasa kafaɗar.

"Fito, Mama. Na riƙe."

"Ka riƙe sosai?"

"Na riƙe."

Nauyin ya sauko masa gaba ɗaya, ya fi yadda ya zata. Adenike ta ja jiki da rarrafe ta fito. Ta kasa miƙewa. Ta dafa turmi, ta dafa bango, ta tashi a sunkuye kamar mai shara. Gefen katakon ya bar mata layi a wuya, ya yi jawur. Ta ɗauki wani guntun faifan da ke kusa da ƙafarta ta juya shi a hannu, tana kallon farin da ke cikinsa.

"Ni ce na juya da ƙarfi?"

Kwalbar na danne cinyar Zailani ta cikin aljihu.

"A'a. Robar ce ta tsufa. Rana ta gama cinye ta tun tana allo a bakin titi."

Ta gyaɗa kai. Ta ajiye guntun a kan teburi, ta bi gefen gadon a hankali tana dafawa har ta kai gaba.

Zailani bai ga fuskarta ba, katako ya tare shi. Ƙafafunta kawai yake gani ta ƙarƙashin gado, sun tsaya wuri ɗaya. Ya jira kuka, bai ji ba. Sai ya ji ta kira sunan da bai taɓa jin ta kira ba duk zamansu.

"Dele."

Ta sake kira, a hankali. Sannan katifar ta motsa, ta zauna a gefe.

Ruwan ya fara sassautawa. Zailani ya san abin da ya kamata: a miƙar da mamaci tun jikinsa da laushi, a haɗa ƙafafu, a kira mutanen cocinsu, a kira Busola. Wuyansa ya fara zafi, gwiwarsa na kan wani guntun roba mai kaifi.

"Mama," ya ce, "zan sauke shi a hankali."

"A'a."

"Mama…"

"Kar ka kwantar da shi. Ka san ba ya iya kwanciya." Muryarta lafiya lau, kamar tana maganar tumatir. "Bari tukuna."

Zailani ya gyara gwiwarsa, ya ƙara cusa kafaɗar, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Ta ƙarƙashin gadon ya ga ta tuɓe silifas ɗinta, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su. Ƙafafun suka ɗaga suka ɓace. Katifar ta nutse, wani ɗan nauyi ya ƙaru a kafaɗarsa, daidai inda ta jingina kanta kusa da na mijinta. A waje ruwan indararo na zuba cikin bokiti, ƙarar na raguwa kaɗan-kaɗan.